Wasan Telan da Na Saya wa Baba

A kwalejin da nake aiki ɗalibai ba su damu da sunana ba. Shafi Goma suke ce mini a bayan idona, kuma na sani, don akwai ranar da wani ya yi suɓul da baka ya kira ni da shi, ni kuma na amsa kafin in ankara. Ni ke kula da ɗakin fotokwafi na laburare, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ban bar kowa ya kwafi fiye da shafi goma daga littafi ɗaya ba. A saman injin akwai wata takarda da na buga da kaina, na sa mata leda, mai bayanin haƙƙin mallaka. Idan ɗalibi ya fara magiya, sai in nuna masa ita da bakin biro, in tambaye shi ko zai so wani ya shiga falonsu ya kwashe kujeru don kawai yana da baƙi gobe. Ina ji da wannan misali ƙwarai, ni na ƙirƙiro shi. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da abin ya faɗa wa.

Babanmu tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin ya yi a kan titi, kuma abin da ya dawo gida da shi shi ne ciwon baya da kwali uku na kaset. A cikinsu wanda ya fi ƙauna wani wasan kwaikwayo ne mai kashi ashirin da biyu, labarin wani tela da bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba, da matar da yake haya a shagonta, wadda ba ta gajiya da yi masa tijara. Mu a gida Tela kawai muke ce wa wasan. Mun tashi muna jin sa yadda ake jin ƙarar fanka, yana yi, mu kuma muna harkar gabanmu. Baba kuwa kowace safiya sai ya sa kashi ɗaya, ya zauna da kofin shayinsa, ya yi dariya a daidai wuraren da ya yi ta jiya da shekaran jiya.

Da gwiwoyin Mama suka ƙi hawan bene, muka nema musu gida mai ɗaki biyu a ƙasa. Ni na naɗa kaina shugaban kwashe kaya. A lokacin ne na gano wani kantin intanet yana sayar da Tela gaba ɗayansa, an tace sautin, babu shuu ɗin nan na tsohon kaset. Na saye kashi ashirin da biyun a zama ɗaya. A jikin maɓallin da na danna an rubuta "Saya", da manyan baƙaƙe, na gani da idona. Daga nan na tara iyali a tsakiyar kwalaye na yi musu lacca: kaset zarensa na tsinkewa, danshi na cinye shi, rikoda na taune shi, amma wannan da na saya ko jikokin jikokinmu za su gaje shi.

Baba ya juya wayar da na ba shi, ya duba bayanta, ya tambaye ni ina abin yake. Na ce yana ciki. Ya ce a cikin wayar? Na ce ba a cikinta sosai ba, yana can wurin kamfanin a ajiye, amma nasa ne, duk lokacin da ya so zai ji.

"Ni dai in na sayi taya, da ita nake dawowa gida," in ji shi.

Na yi irin dariyar nan da ɗan boko ke yi wa iyayensa, mai taushi, wadda ta fi zagi ciwo. Mama ta goyi bayana saboda ba ta da wurin ajiye kwali uku. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce a bar ko da kwalin Tela ne kaɗai, ai ba zai cinye ɗaki ba. Na ce da irin wannan tunanin ne gidaje ke zama bola. Washegari mai sayen tarkace ya zo da kurarsa, ni na taya shi ɗora kwalayen, har da rikodar.

Shekara uku abin na tafiya lafiya, kuma ban bar kowa ya manta da wanda ya kawo shawarar ba.

Wata Asabar da hantsi na je gaishe su, na tarar da Baba a kan kujerarsa, shayinsa ya huce, wayar na ajiye a gwiwarsa. Ya miƙo mini ita. Na karɓa da ƙwarewa, na kashe na kunna. Na ce halan ya danna wani abu ne. Ya ce bai danna ba. Na ce tsofaffi kan danna abu ba su sani ba, ba laifi ba ne. Na ɗora wa sabis laifi, na fita ƙofar gida na ɗaga wayar sama, na dawo. Hotunan kashi ashirin da biyun suna nan a jere, amma duk sun yi fari-fari, kuma kowanne ka taɓa sai ya ce babu wannan a halin yanzu. Sai da na shiga imel ɗina na tono wani saƙo da kantin ya turo mako shida da suka wuce, wanda ban buɗe ba don na ɗauka talla ce. Suna baƙin cikin sanar da ni cewa yarjejeniyarsu da masu wasan ta ƙare, za a janye shi, suna godiya da fahimtata.

Na karanta wa Baba da ƙaramar murya. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ashe ba ni na danna ba." Ya ɗauki kofinsa ya shige ciki. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin na rufe ƙofar ɗakin fotokwafi na kira kantin. Wata mai sanyin murya ta ɗauka, ta bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ta yi mini bayani cewa ba wasan na saya ba, izinin sauraro na saya, na tsawon lokacin da kantin ke da ikon bayarwa. Ta ce yana nan a sashe na goma sha huɗu na sharuɗɗan da na amince da su. Na ce ban amince da komai ba. Ta faɗa mini rana da sa'ar da na danna akwatin amincewa. Ni da nake korar ɗalibai su je su karanta ƙa'ida kafin su taɓa injina, ban karanta ko layin farko ba. Da na ga ƙasa na zamewa, sai na jawo babban makamina, na tambaye ta ko za ta so a shiga falonsu a kwashe kujeru. Ta ce cikin ladabi, "Yallaɓai, ai kujerun dama na haya ne." Ta ce za su ba ni damar zaɓen wani abu a kantin a madadinsa. Na yi mata godiya. Har yau ban san dalilin godiyar ba.

Na ce to, ni mutumin ƙa'ida ne, ta ƙofa zan bi. Zan nemo masu wasan in saya daga hannunsu. Binciken ya ci mini hutun rana na mako biyu. Ƙaramin kamfanin da ya naɗi wasan tun tuni wani babba ya saye shi, shi ma babban wani ya haɗiye shi, wanda yanzu harkarsa allunan talla ce da hayar ofisoshi. Na rubuta musu wasiƙa mai shafi biyu, da na karanta ta sai da ni kaina na ji tausayin Baba. Bayan mako biyar lauyansu ya amsa da sakin layi uku. Na farko, wasan mallakarsu ne. Na biyu, ba sa sayar da shi, kuma ba su da shirin sayarwa. Na uku, duk wanda ya kwafe shi ko ya rarraba ba da izininsu ba zai gamu da su a kotu. Abin kunya, wani ɓangare na zuciyata ya yaba wa wasiƙar. Tsaf take, babu kalmar banza. Da a wurin aiki ne da na sa mata leda.

A can gida kuwa abubuwa sun fara lalacewa. Na saya wa Baba wasu wasannin na zamani, kowanne sai ya saurara na minti biyar ya miƙo mini wayar, ya ce mutanen suna magana kamar ana bin su da gudu. Da safiya ta zama ba ta da abin yi, sai ya koma gyaran abubuwan da ba su lalace ba. Ya kwance fankar falo ya wanke, da ya mayar ya rage sukurori biyu a hannunsa. Ya kwance makullin banɗaki, Mama ta yi rabin sa'a a ciki tana buga ƙofa. Ranar da ya fara zagaya firji da sukundireba a hannu, ta kira ni a wurin aiki ta ce ko in dawo masa da telansa, ko in zo in ɗauki ubana in kai shi laburare ya gyara mana inji.

Ƙanwata ce ta samo bakin zaren. Wata dattijuwa ta zo asibitinsu awon jini, tana faɗa da mai rubuta kati a kan layi, ƙanwata ta ji muryar ta tsaya cak. Matar nan mai shago ta cikin wasan Tela ce, ba ko tantama. Da ta tambaye ta, dattijuwar ta ce ita ce, kuma ita ta rubuta wasan tun daga farko har ƙarshe. Yanzu shagon wanki da guga take da shi a bayan gidan mai. Ƙanwata ta turo mini kwatancen, ta ƙara da cewa, "Yaya, don Allah kar ka yi mata lacca."

Na shirya laccar a mota duk da haka, a kan darajar mai fasaha da yadda al'umma ke cin amanarsa. Shagon ɗan siriri ne, zafi kamar tanda, riguna a leda sun yi layi har rufi. Na same ta a bayan kanta, gajera, da tabarau a kan hanci, tana maƙala wa kaya lamba. Ta duba hannuna ta ga babu wanki, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na fara gabatarwa, ban kai rabi ba ta ce in taƙaita, tana da labulen otal guda arba'in. Na taƙaita. Na ce ina roƙon ta sayar mini da kwafi ɗaya daga nata.

Ta cire tabarau ta yi dariya har da tari. Ta ce ba ta da ko ɗaya. Nata na kaset 'yan'uwa sun are su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya dawo. Na asali yana wurin kamfani, in ma ba su zubar ba. Haƙƙin kuwa ta sayar musu gaba ɗaya lokacin da kasuwar kaset ta mutu, don ta ɗauka abin ya gama amfani, da kuɗin ta sayi injin wankin farko. Sannan ta jawo wayarta daga aljihun rigarta ta aiki, ta buɗe ta nuna mini. Hotuna ashirin da biyu, fari-fari, irin na Baba sak.

"Muryata na saya da kuɗina, ɗan nan," ta ce. "Rana ɗaya suka karɓe mana, ni da babanka."

Laccar ta gudu. Ta ci gaba da maƙala lamba, can ta ce akwai mutum ɗaya. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, tun wasan na hannunta, akwai wani mai kaset da ya addabe ta, duk kashin da ta fitar da safe, kafin la'asar ya buga nasa ya baza tashoshin mota. Ta kai shi kotu, ta yi nasara, aka kwashe masa injuna aka ƙona kaset buhu-buhu a gabanta. Amma ta ce ko a ranar ta kalli fuskarsa, ba ta ga fuskar wanda ya miƙa komai da komai ba. Ta kwatanta mini inda yake. Na ce mata a matsayina na ma'aikacin laburare zai yi mini wuya in je wurin ɓarawon fasaha. Ta ce to, in gaida Baba, in rufe mata ƙofa da kyau.

Kwana biyu na riƙe matsayina. A na uku Mama ta kira ta ce firjin ya daina sanyi.

Na cire katin aikina daga wuya na cusa a aljihu, na sa hular da ban saba sawa ba. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene yake, cike da rediyoyi da fankoki da dutsen guga, kowanne da cikinsa a buɗe. Mai kaset ɗin ya tsufa, dogo ne siriri, ya ɗaure ƙafar tabaransa da wayar wuta. Na jira har masu kawo gyara suka ragu, na sunkuya na raɗa masa cewa an ce mini yana da wasu tsofaffin kaya. Ya ce in ɗaga murya, kunnensa ɗaya ba ya aiki. Na ɗan ɗaga. Ya ce, da muryar da ta kai bakin titi, "Tela kake nema a kwafa maka?"

Na waiga hagu da dama. Ya tambayi aikina, na ce ma'aikaci ne kawai. Ya kalli igiyar katin da ta leƙo daga aljihuna, mai launin kwalejinmu, ya kalli fuskata da kyau. Ya ce 'yarsa ta yi karatu a can. Ya ce ta sha ba su labarin wani mutum a laburare, mai gashin baki kamar nawa, da ya taɓa hana ta shafi na goma sha ɗaya alhali a nan babin ya ƙare.

"Kai ne Shafi Goma," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Na cire hular, tunda ba ta da sauran amfani. Ya ba ni kujera, ya ajiye abin da yake gyarawa, ya fara yi mini bayanin haƙƙin mallaka. Ya ce wasa gumin wani ne. Ya ce mutane na ganin kamar kwafi ba sata ba ce don abin mai shi bai ragu ba, amma sata ce. Ya ce shi ya koyi wannan da tsada, a gaban alƙali. Minti ashirin ina zaune a tsakanin matattun fankoki ana karanta mini takardar da ke saman injina, kuma ya fi ni iya faɗa. A ƙarshe ya ce kaset suna nan, bai taɓa musu ba, don kansa ya ajiye. Amma ya yi wa alƙali alkawari ba zai sake kwafar aikin matar nan ba sai da izininta a rubuce. In kawo takarda.

Na gyara zama, don an zo fagena. Na bayyana masa cewa takardarta ba ta da wani ƙarfi a doka, tunda ta sayar da haƙƙin, izinin kamfani ake buƙata, kamfani kuma ya hana. Sai da na kai ƙarshe na gane cewa kaina nake yi wa shari'a, kuma ina cin nasara. Ya bar ni na gama, ya ce shi bai san wani kamfani ba, ba kamfani ne ya tsaya a kotu yana nuna shi da yatsa yana kuka ba. Ita ya ɓata wa, ita zai ji daga bakinta.

Na koma ofis na tsara takardar izini da duk ƙwarewata, har da "ni mai sa hannu a ƙasa". Na kai wa marubuciyar. Ta karanta a tsaye, ta gyara mini kuskuren rubutu biyu da jan biro, ta soke wani sakin layi gaba ɗaya ta ce surutu ne. Ta sa hannu. Ta ce takarda ba hatimi ai ba takarda ba ce, ta jawo na shagon ta buga a ƙasa. Da na fito na duba, an rubuta: AN WANKE, AN GOGE.

Mai kaset ya karanta ta sau biyu, ya daɗe yana kallon sa hannun. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya shiga can ƙuryar shagon ya fito da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Kaset goma sha tara ne a ciki, kowanne a naɗe da tsumma. Babu na bakwai, babu na sha biyar, babu na ƙarshe. Ya ce waɗannan ukun wuta ta ci su da gaske. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in kuɗi ya shiga ya koma sana'a. Kuma ya ƙi bari su fita daga shagon. Don haka Asabar uku a jere na zo da kwamfutata da wata waya da ya haɗa mini da kansa, na zauna a kan benci, kaset na juyawa a rikodarsa ina naɗa. Ba a gaggauta kaset, sa'a guda sa'a guda ce. Masu kawo gyara suka saba da ni, wata mata har ta ba ni dutsen gugarta ta ce igiyar ce ke yin zafi.

A kaset na farko, wajen minti na ashirin, ana tsakiyar rigimar tela da wani ango da wandonsa ya zo ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, sai sautin ya yanke. Muryar wani saurayi ta shigo da karsashi tana sanar da cewa wannan kaset ya fito ne daga shago mai lamba tara, layin masu rediyo, a kula da tambarinmu, a guji jabu. Sannan wasan ya ci gaba. Na kalli tsohon. Ya sunkuyar da kai yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, ya ce a lokacin akwai wasu marasa tsoron Allah da ke kwafar nasa. Na ce zan yanke wurin in na koma gida. Na gwada, na goge rabin rigimar angon, na sake dawowa na naɗa, daga nan na bar kowane kashi da tallarsa.

Ranar da na kai wa Baba, na sa su a cikin wayar kanta, na nuna masa cewa ko babu sabis za su yi. Na ba shi haƙuri tun kafin ya ji, na ce sautin ba shi da kyau, akwai shuu, akwai kuma wani katsalandan a tsakiya da zai ɓata masa rai. Ya ce in kunna kawai. Kiɗan farko ya tashi, ya lumshe ido. Mama ta leƙo daga kicin ta koma. Da aka zo minti na ashirin na yi shirin bayani, sai na ga leɓen Baba na motsi. Yana bin saurayin kalma da kalma, shago mai lamba tara, layin masu rediyo, har zuwa a guji jabu.

"Yauwa," ya ce. "Wannan shi ne Tela. Wancan naka na kanti sun yanke wannan wurin, ban dai faɗa maka ba ne don kar ka ji ba daɗi."

Na tambaye shi a ina ya sayi nasa kaset ɗin. Ya ce a tashar mota mana, ina direba zai ga kanti. Wato a gidan da aka haifi Shafi Goma, aka yi masa tarbiyya, shekara da shekaru kayan sata ake saurare kowace safiya, da kuɗin da aka rage a kansu wataƙila aka saya mini littafin farko. Na zauna a hannun kujera ina juya wannan, Baba ya ce in matsa, ina kare masa lasifika.

Marubuciyar ta ce tana son nata kwafin, kuma ba ta yarda a turo mata ta waya ba, za ta zo ta karɓa. Baba ya sa rigarsa mafi kyau tun safe, ya hana kowa zama a kujerar da ya ware mata. Da ta shigo ta yi sallama da muryar nan, mutumin da ya yi shekara talatin yana zagin direbobi ta taga ya kasa haɗa gaisuwa. Mama ce ta karɓe ta. Aka kawo shayi, aka kunna kashi na uku. Ba ta yi dariya a inda Baba ke yi ba, sai a wasu wuraren daban, ta ce a nan mai yin tela ya manta layinsa ya ƙirƙiro nasa, a nan kuma ƙarar da ake ji kujera ce ta karye da mai naɗin sauti. Da tallar ta shigo, Baba bai iya riƙe bakinsa ba, ya bi ta a hankali. Ta juyo ta kalle shi ta saman tabarau. Shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

"Malam direba," ta ce, "ashe kana cikin waɗanda suka hana ni sayen mota."

Baba ya ce a yafe masa, bai sani ba, kuma da ya sani ma a lokacin yara huɗu ne a makaranta. Ta ce ta yafe, mutumin da ya haddace har tallar ɓarawonta ya fi kamfanin da ya mallake ta bai taɓa saurara ba.

Daga nan ya samu ƙarfin tambayarta abin da ke cinsa, kashi na ƙarshe. Ta ce gaskiya ta manta yadda ta ƙare shi, shekarun da yawa. Baba ya gyara zama ya ba ta labari: telan ya gama riga a kan lokaci karo na farko a rayuwarsa, sai mai rigar bai zo karɓa ba. Ta ce ba zai yiwu ba, ita ba za ta rubuta wannan shirmen ba, ita dai ta san matar ta kore shi daga shagon, sannan ta bi shi da keken ɗinkinsa a ka tana roƙonsa ya dawo. Baba ya ce wannan a na sha biyar ne. Ta ce wa ya rubuta, ita ko shi? Ya ce ita ta rubuta sau ɗaya, shi ya ji sau ɗari. Aka sa na kira mai kaset a waya na sa a lasifika. Suka gaisa da marubuciyar a taƙaice, kamar waɗanda suka haɗu a gidan gaisuwa, sannan ya ce su duka biyun sun yi kuskure, a ƙarshe telan ya bar ɗinki ne ya koma gyaran agogo. Aka juyo gare ni a matsayin wanda ya tashi a cikin wasan. Na ce ban tuna ba. Baba ya ce mata kar ta damu da ni, ajiye abu na iya, ba saurare ba.

Ta juya cokali a kofi, sannan ta ce to, tunda babu wanda ya sani, za ta zauna ta sake rubuta ukun da suka ɓata, Baba ya riƙa tuna mata abin da ya tuna, in sun gama su karanta a nan falon, ita ta yi matar, shi ya yi tela. Baba ya ce muryarsa ba ta da daɗi, amma ya riga ya fara gyara wuyan riga. Sai ta dube ni ta ce, "Kai masanin doka, an yarda in rubuta?"

Na ajiye kofina. Na san amsar, har sashen da ta dogara a kai na sani, tela da matar da shagon duk suna cikin abin da ta sayar. Na buɗe baki na ce, "To, a gaskiya, idan aka duba..."

Mama ta ɗora mini tire a hannu, ta tattara kofunan a kai, ta ce in kai kicin in wanke, in kuma duba mata firjin nan, tun da ubana ya taɓa shi yake wata irin ƙara.